Akwatin nan da muke kira waifai, wane suna za mu raɗa masa?

1/ Jiya bayan la'asar kawuna ya kira ni daga Gwammaja. Tsohon malamin Hausa ne da ya yi ritaya, kuma har yau ba ya barin baƙuwar kalma ta gifta ta gabansa bai tambayi asalinta ba. Ya ce, "Kai ɗan nan, waifan gidan nan ya kama, sanduna sun cika taf, amma ko sallama ta ƙi tafiya." Na ce, "Kawu, duba rautar, fitila nawa ke ci?" Ya yi shiru, can ya ce, "In duba me?" Daga nan gyara ya koma gardamar suna.

2/ Turawa router suke ce masa. A kasuwar waya ta Farm Centre da Beirut Road za ka ji rauta, ko maifai in ƙarami ne na aljihu. Amma a gidaje waifai kawai ake cewa, kuma a ganina nan gizo ke saƙar. Waifai ba shi ne akwatin ba, ba kuma shi ne intanet ba. 'Yar gajeriyar hanya ce ta iska tsakanin wayarka da akwatin, wadda ba ta wuce 'yan ɗakuna. Sandunan da Kawu ya gani sun cika, iyakar labarinsu shi ne wayarsa na jin akwatin sarai. Ba su san komai ba game da abin da ke tsakanin akwatin da ƙarfen sabis. Tunda mun ba abu uku suna ɗaya, dole in ɗaya ya lalace mu rasa wanda za mu tuhuma.

3/ Na jefa tambayar a zauren abokai na WhatsApp. Wani ya ce a bar shi a rauta, ai rediyo da kwamfuta ma aro ne. Gaskiyarsa, aro ba laifi ba ne. An daɗe ana tallar "na'ura mai ƙwaƙwalwa" amma bakin mutane ya zaɓi kwamfuta. Sai dai kuma manhaja ta zauna daram, yanar gizo ma haka. Matsalata da rauta ita ce ba ta gaya wa Kawu komai.

4/ "Na'urar rarraba intanet" daidai ne, amma bayani ne, ba suna ba. Kafin ka gama faɗa yaro ya riga ya cire fulogi.

5/ Wani ya kawo madugu, na kuwa ji daɗinta, don tana tuna mini ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro. Amma madugu tare da ayari yake tafiya, wannan kuwa yana kan teburi ba ya motsi. Wanda ya fi kowa kusa da gaskiyar aikin shi ne wanda ya ce ɗan kamasho. Ka je tashar Unguwa Uku ka tsaya ka kalla: ba ya tuƙi, ba ya tafiya, nasa shi ne ya dubi inda fasinja ya nufa ya nuna masa motar da zai hau. Haka akwatin nan yake yi da ƙunshin saƙonni, ya duba adireshi ya tura, in amsa ta dawo ya san ta wace waya ce a gidan. To amma wa zai shiga shago ya ce a ba shi ɗan kamasho mai eriya huɗu?

6/ Kawu ne ya warware, da ƙa'idar da ya koyar shekara da shekaru. Ya ce Hausa na da maƙerar sunayen kayan aiki: buɗe ya haifi mabuɗi, duba ya haifi madubi, goge ya haifi magogi. To abin da aikinsa rarrabawa ne, sai a ce mararrabi, jam'i mararrabai. Ga kuma 'yar'uwarsa mararraba, inda hanyoyi ke rabuwa, wadda kowa ya sani. Kalma ɗaya ta ɗauko rabon da kuma hanyar. Na yarda tana da ɗan nauyi a harshe, amma duk wanda ya iya cewa Mararrabar Jos ba shi da uzuri.

7/ Saura halin da ake ciki, wato an haɗu amma babu intanet. Nan na kawo tawa: zaure. Waya ta fito daga cikin gida ta iso zaure lafiya, ƙofar waje ce a rufe. Sai mu ce "saƙo ya tsaya a zaure". Kuma kana iya gani da idonka. Juya mararrabin, a gindinsa akwai takarda mai lamba irin 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. Rubuta ta inda kake rubuta adireshin shafi, za ka ga shafi ya buɗe ko da babu ko ɗigon data, domin a cikin akwatin yake zaune. In ya buɗe, tsakaninka da zaure lafiya lau, sai ka nemi matsala daga ƙofa zuwa titi.

8/ Tambayar farko kullum: waya ɗaya ce ko duk na gidan? In ɗaya ce, laifin nata ne. A sa ta manta da haɗin a sake saka kalmar sirri, a kuma duba kwanan wata da agogonta, don in sun kauce shafuka da yawa kan ƙi buɗewa. In duka ne, a fara da abin da kowa ke jin kunyar dubawa: ko data ta ƙare. Sai layin da ke ciki, ko an rufe shi, tunda tun ƙarshen 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN, kuma layin da ke cikin akwati shi aka fi mantawa da shi. Sai a kashe, a jira rabin minti, a kunna. Masu intanet na igiya su duba ko an soke ta a ramin WAN, wato mashigar intanet daga waje, wanda galibi launinsa daban ne, ba a na LAN da ake jona kwamfutocin gida ba.

Wannan ɗan ramin da ake tsikara da tsinke kuwa, don Allah a bar shi sai an rasa dabara. Yana goge duk saitin ne, har sunan waifai da kalmar sirri.

9/ Akwai wani hali mai ruɗarwa: WhatsApp na ɗan motsi amma shafuka sun ƙi. Sau da yawa DNS ne, wato mai juya sunan shafi zuwa lamba. A sauya shi zuwa 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare a gani. Wani ya ce a kira shi mai unguwa, tunda shi ya san gidan kowa. Kawu ya yi dariya amma bai sa hannu ba.

10/ Wani lokaci kuma titin ne gaba ɗaya ya yanke. Ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi ta tangal-tangal a Najeriya da maƙwabta. Ranar nan mararrabai nawa aka tsikara da tsinke a Kano ba su ji ba su gani ba?

11/ Na Kawu dai data ce. Jikoki sun zo hutun ƙarshen mako, sun shanye ta wata guda a kallon bidiyo. Da safiyar nan ya sake kira: "Ɗan nan, mararrabin ya kuma tsayar da mu a zaure." Na ce, "Kawu, jikokin sun tafi?" Ya ce a'a, sai Lahadi.