Bindigar kakanmu mai baki biyu: maƙeri ya ce zai ƙara mata ciki, in ba shi?

Jikan Maharbi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sanin tsofaffin bindigogin farauta ku taimaka min. Bayan rasuwar babanmu da aka zo rabon kaya sai bindigar kakanmu ta faɗo a kasona, irin mai baki biyun nan ce ta Ingila, an rubuta Birmingham a tsakanin bututun, ta fi shekara 30 a naɗe cikin tsohon bargo a saman sif. Katakon gindin ya tsage dab da wajen kunama, akwai tsatsa kaɗan a waje, sannan na samu harsashi 7 na kwali a cikin gwangwani, Eley aka rubuta, wato sunan kamfanin da ya yi su, duk sun kumbura. Na kai wa wani maƙeri da ke gyaran adaka a garinmu ya ce shi abu mai sauƙi ne, zai ɗan ƙara zurfin wajen da harsashi ke zama don ta ɗauki na zamani, ya yi wa tsakanin bututun walda inda ya ɗan ɗaga, ya goge tsatsar da sanfefa. Ni dai burina ko sau ɗaya in harbi zabo da ita kamar yadda kaka ke yi. In ba shi?

Baban Walida:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa don girman Allah kar ka ba shi, in ma tana wajensa yanzu tashi ka karɓo. Ba raina maƙerin nake ba, amma adaka daban wannan daban. Yawancin tsofaffin bindigogin Ingila masu faɗin baki lamba 12 an yi su ne don harsashi mai inci 2 da rabi, wato milimita 65, na kasuwa yanzu kuma yawanci milimita 70 ne. Abin da ke ruɗar mutane shi ne tsawon nan ana auna shi ne bayan harsashin ya fashe bakinsa ya buɗe, don haka za ka ga na 70 ya shige lafiya lau ka rufe ka ce ai daidai ne, sai an harba bakin kwanson ya rasa inda zai buɗe sosai, matsi ya ƙaru a ƙarfen da ya riga ya tsufa. In kuma aka ce za a ƙara zurfi to ƙarfe ake cirewa a daidai wurin da ya fi shan wahala, kusa da fuskarka da hannunka na hagu. A can Ingila in aka yi wannan aikin dole bindiga ta koma gidan gwaji a sake gwada ta, akwai ɗaya a Birmingham tun 1813, kuma laifi ne a sayar da ita ba a sake gwajin ba. Maƙerinka da me zai gwada?

Waldar ma ita ta fi tayar min da hankali. Bututun biyun nan da ƙarfen da ke tsakaninsu liƙi ne na dalma da kuza, wutar walda na taɓa wuri ɗaya sauran ya saki. Ka cire katakon gaba ka ɓalle bututun ka juya ƙasansa, akwai tambura, ka faɗa mana me ka gani. Ka duba kuma ko jikin ƙarfen yana da zane-zane a murɗe kamar zanen lalle.

Na Dawa:
Allah ya jiƙan mahaifinka. Abin da Baban Walida ya tambaya na zanen nan ka ɗauke shi da muhimmanci. Masu zanen su ake ce wa Damaskus, sillayen ƙarfe aka murɗa aka naɗe aka bubbuge da wuta har suka haɗe, akasarinsu don baƙin albarushi aka yi, kuma tsatsa kan shiga ta layin haɗin ta ci ta ciki ido bai gani ba. Ni da idona na ga abin da irin haka ta yi wa wani abokin farautarmu, tun asuba muka fita neman fakara, harbin farko lafiya, na biyu kawai muka ji ƙara daban, bututun hagu ya tsage kamar an fasa rake, yatsunsa 2 suka tafi. Manomi ne, har yau riƙon fartanya wahala yake ba shi. Tun daga ranar ban ƙara yarda wani ya harba tsohuwar bindiga kusa da ni ba sai na san tarihinta.

Harsasan kwalin nan kuwa da suka kumbura sun sha laima, kar ka gwada su kar kuma ka jefa a wuta ko ka bar yara su yi wasa da su.

Tsohon Kofur:
Yaro, kafin maganar harbi akwai maganar takarda. Lasisin kakanka nasa ne, ba a gadonsa kamar gona. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta raba bindigogi kashi-kashi, adaka da sauran masu ɗuri ta baki izininsu na wajen kwamishinan 'yan sanda, irin taka ta harsashi kuma na wajen sufeto janar, su kuwa irin Mak Fo, bindigar sojan da muka riƙe a da, mai harsashin .303, an haramta wa farar hula ko da a ce don farauta aka rage mata katako. Gyaran ma ba kowa doka ta yarda ya yi ba. Ka nemo tsohon lasisin in yana nan, ka sami lauya ko wani babba da ka yarda da shi ya raka ka ofis a yi abin a bayyane, kar ka saka ta a buhu ka hau mashin kana yawo da ita shingen hanya.

Jikan Maharbi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba Kofur na samu lasisin a cikin akwatin takardun kaka, zan bi shawararka. Na karɓo ta jiya da daddare, Allah ya taimake ni bai taɓa ta ba. A ƙasan bututun akwai kambi da NP, da 2½, ba zanen lalle, ƙarfen sumul yake. To tsatsar fa da tsagewar katakon?

Baban Walida:
Madalla, NP ɗin na nufin an gwada ta da albarushin zamani mara hayaƙi, amma fa gwajin wancan lokacin ne tana sabuwa, kuma 2½ ɗin ya tabbatar da abin da na faɗa. Sanfefa kar ta kusance ta, za ta cinye tamburan da baƙin jikin. Man keken ɗinki da tsumma mai laushi ka riƙa shafawa a hankali, kwana da kwanaki, tsatsar sama za ta bi tsumman. Katakon ka bar shi yadda yake tukuna, kar a buga masa ƙusa, kar kuma mai ya shiga tsagar. Ka raba ta da bargon nan don shi ke riƙe laima lokacin damina. Ka ɗaga bututun saitin hasken taga ka leƙa ciki, in ka ga ramuka ka ɗauko hoto ka turo mu gani.