"Jiki magayi": gargaɗi ne ko shaida?

Ɗan Ƙofar Soro: Assalamu alaikum jama'a. Gardama ta haɗa ni da yayana kan "jiki magayi". Ni na ɗauka ana nufin jiki kan riga mutum sanin abu, irin ka ce "jikina ya ba ni". Shi kuma ya ce gargaɗi ne ga mai taurin kai. Manya a raba mu.

Tsohon Malamin Firamare, Daura: Wa alaikumus salam. Yayanka ya fi kusa da yadda muka ji a bakin iyaye. Yaro ne za a hana shi abu ya ƙi ji, sai a ce ƙyale shi, jiki magayi. Ranar da wuya ta same shi, jikinsa zai gaya masa abin da kunne ya ƙi ɗauka. Tafiyarsu ɗaya da "jiki ya fi kunne ji".

Uwar Biyu: Baba Malam, ban musa ba, amma mu a cikin gida muna faɗinta ta wata fuskar. Wata ɗiyar dangi ta zo ganin gida bayan aure, kowa ya tambaya sai ta ce lafiya lau. Ga zoben da aka sa mata ranar biki yana yawo a yatsa, tuwo kuma loma biyu ta ture kwano. Inna ta dube ta ta ce, "Jiki magayi." Ba gargaɗi take yi ba, cewa take baki ya ɓoye amma jiki ya tona. Kuma an bincika, akwai damuwa. Ai labarin zuciya a tambayi fuska.

Ma'aikaciyar Jinya, Katsina: Hajiya, wannan kullum muna ganinsa. Mace za ta zo da ciwon kai, zafin ƙirji, rashin barci, a yi gwaji ba a ga komai ba, sai an zauna da ita a ji kishi ne ko bashi ko rasuwa. Ba ƙarya take ba. Idan mutum ya tsorata, wasu ƙananan gaɓoɓi da ke saman ƙoda suna sakin sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara gudu, jini ya ragu a hanji ya tafi ga damatsa da cinyoyi. Abin da muke cewa gaba ya faɗi, ciki ya ɗuri ruwa, ke nan. Amma don Allah kada a ɗora wa damuwa komai. An daɗe ana cewa tunani ne ke kawo olsa, sai likitoci biyu a Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka nuna ƙwayar cuta ce ke haddasa mafi yawanta, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Mai zafin ciki ya zo a duba shi.

Ɗan Ƙofar Soro: To Anti, idan jikina ya ba ni kada in yi tafiya, in fasa?

Malamin Islamiyya: Ɗana, a Arba'una Hadisi, na 27, Annabi (SAW) ya ce wa Wabisa ya nemi fatawar zuciyarsa, domin zunubi shi ne abin da ke kai-kawo a ƙirji. Saboda haka rashin kwanciyar hankali abin saurare ne. Sai dai hadisin na magana ne kan aikin da kai za ka aikata, bai ba ka lasisin yanke wa wani hukunci ba. A nan Suratul Hujurat ta hana yawan zato, Bahaushe ma ya ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya. Tafiya kuwa, ka yi istihara, ka tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki.

Baƙo daga Batsari: Allah gafarta Malam, ku bar ni in sa baki. Tun da rashin tsaro ya taso mu muka dawo cikin gari, in na ji ƙarar babura da dare sai gumi ya karyo mani, hannuna na rawa, alhali na san 'yan acaɓa ne. Jikina na gaya mani abu, amma labarin da ya wuce yake maimaitawa. Na faɗa wa wani, ya ce faɗuwar gaba asarar namiji, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Daga ranar na kama bakina.

Tsohon Malamin Firamare, Daura: Subhanallahi. Wanda ya gaya maka haka ya ajiye magana inda ba wurinta ba. Ciki da ake cewa ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, sirrin mutane ake nufi da amana, ba a ce ka haɗiye ciwonka ba. Allah ya kawo mana zaman lafiya.

Ma'aikaciyar Jinya, Katsina: Amin Baba. Yaya na Batsari, abin da kake ji sananne ne ga wanda ya ga tashin hankali, kuma ana samun sauƙi. Idan ya taso, ja numfashi a hankali, ka sake shi ya fi shigarsa tsawo, yana rage bugun zuciya. Amma kada ka tsaya nan. Ka je babban asibiti ka nemi ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa, ka faɗa masu kamar yadda ka faɗa mana. Barci fa, kana samu?

Baƙo daga Batsari: Sai bayan asuba, Anti. Zan je, in sha Allah. Matata ma haka take, tare za mu.