“Da” ba ta da gida guda

Malam Mai Alli, Zariya:

Assalamu alaikum. Jiya ina gyaran takardun ɗalibai na ƙirga “da” sau 11 a sakin layi guda, kuma ba aiki ɗaya take yi ba. Shi ne na ce bari in shimfiɗa ta a nan. Sharaɗi biyu ne: kowane baiti ya sauka a kan “da”, kuma harshen da mutum zai kawo ya zama ya ji shi da kunnensa ko ya karanta da idonsa.

Da sunan Allah nake farawa,
Shi ya yi harsuna masu yawa,
Ga wata kalma mai zagayawa,
Harafi biyu ce, sunanta “da”.

In ka gajarta ta, haɗi take yi:
Tuwo da miya, burodi da shayi,
Ta haɗa zafin rana da sanyi,
Ta sa ango da amarya ɗaki guda.

In ka ja ta, murya ta gangaro,
Zamanin kakanni ta ɗauko,
Kafin sule, kafin kwabo,
Mutanen da, masu riƙon al'ada.

In ka ja ta ƙasa-ƙasa kuwa,
Nadama ce take biyowa,
Da na sani ƙeya ce, 'yan'uwa,
A baya take, ba ta da fa'ida.

A boko duk kamarsu ɗaya,
Ba alama a sama, babu a baya,
Kunne ke raba su da gaskiya,
To wa ya ji ta a wajen gida?

Babarbaren Yerwa:

Malam, a gaishe ka, ka share fage,
Ga ɗan Barno ya iso da shaida.
In ka ji “da” a bakin Babarbare,
Nama yake nufi, ajiye takarda.
Ku kuna haɗa tuwo da miya da ita,
Mu a cikin miyar muke tsoma “da”.
Wanda ya rasa ta a wurin mahauci,
Sai ya nufi Baga ya sayo banda.

Bafulatanar Yola:

Malam ya zo da zance mai nauyi,
Taubashi hankalinsa na kan ganda.
Saniyar da ka ci ta rugarmu ce,
Biya ni kafin in kira 'yan sanda.

Ɗan Zangon Kumasi:

Ni a Zango aka haife ni,
Fataucin goro ya kawo kakanni,
Harshen Tonawa tun ina ƙanƙani
Na ji yadda suke juya “da”.

Rana take nufi a garin nan,
Duba sunayen ranakun makon nan,
Da ita suke ƙarewa, ga su nan:
Lahadi “Kwasiada”, Juma'a “Fiada”.

Ita ce kuma kwanciya da barci,
“Da yie” suke ce wa maƙwabci,
Ka kwana lafiya cikin aminci,
Kamar sai da safenmu na gida.

Ko godiya sai da ita a ciki,
“Meda wo ase”, ka ji mamaki,
Wai na kwanta ƙasanka, ya sarki,
Irin faɗuwar gaisuwa a fada.

Bagobirin Agege:

Ni Bagobiri ne mazaunin Ikko,
Cikin taubasaina nake hada-hada.
Kwandastan danfo in ya miƙo hannu,
Ba ya sallama, sai dai “owo da?”
Ina kuɗi? Iyakar fassarar ke nan,
Ka biya ko ka sauka a kan gada.
In ka ɗaga murya, halitta ta zama,
In ka sauke, ruwa ne aka zubda.

Hajiya 'Yar Mai Wurno, Sudan:

Kakanninmu sun baro Burmi a 1903,
Inda Sarkin Musulmi ya yi shahada.
A bakin Shuɗin Nilu suka yada zango,
Hausa ba mu bari ba, Larabci mun gada.
Larabcin nan nuni yake yi da ita,
Wannan yaro, su ce “al-walad da”.
In na ga sabon abu a kasuwa,
Sai in miƙa yatsa in ce “shinu da?”
Ɗana Babarbare, in ka zo ka ce “da”,
Za a ce wanne? Ba nama, ba ganda.

Alhajin Kwari, Kano:

Guwanzu ta Sin nake zuwa sarin kaya,
Shekara goma ina kan hanya,
Karin sautinsu huɗu ne, ba ɗaya,
Kowanne da abin da ya sa wa “da”.

In ta faɗo da ƙarfi, “babba” ce,
Zane uku rubutunta, a taƙaice,
Kamar mutum ya ware hannu ya ce:
Ku gan ni, faɗina ya kai na randa.

In ta hau sama, amsa ake nufi,
In ta nutse ta taso, duka ne mai zafi,
Na taɓa tafka kuskure mai ƙarfi,
Zan yabi kaya na ce a sa musu sanda.

To ni dai ga abin da na gano,
Ku rubuta, in ji mutumin Kano:
Daga bakinmu duk suka aro,
Hausa ce uwa, kowa ya yarda.

Likita Mai Karatun Rasha:

Alhaji, dakata, ga ta Rasha,
Can na yi karatu, sanyi na sha,
In an tambaye ka shayi za ka sha,
Eh ɗinsu shi ne ka ce “da”.

Kishiyarta “nyet”, a'a ke nan,
Gromiko ya riƙe ta a zamanin nan,
Har Turawa suka laƙa masa sunan,
Malam Nyet, sarkin ƙi, babban jakada.

Romaniya ma “da” suke cewa,
Wannan kam aro ne, ba a musawa,
Da dangin Rasha sun daɗe da haɗuwa,
Ma'ana ɗaya, ga hanya, ga shaida.

Amma Kano zuwa Mosko, Alhaji,
Wane ayari ya keta wannan daji?
Da aro ne, da ma'ana ɗaya za a ji,
Ba “eh” a can ba, a nan “tare da”.

Ɗalibar Kadif:

Baba Alhaji, ni ina nan karatu,
Gaisuwar safe a Wels “bore da”.
Tasu “mai kyau” take nufi,
In dare ya yi sai su ce “nos da”.
Jamus ta ce “can”, Italiya “daga”,
Da Vinci: daga Vinci, garinsu aka jaddada.
A Turkiyya “ma” ce, irin ta kai ma,
In za su ce shi ma, sai “o da”.
A Biyetnam kuwa fata ce,
Kawu Babarbare, an kusa kai ka ganda.

Autan Zaure:

Iyayena kun zaga duniya duka,
Kun bar babbar a tsakar gida.
Ni ne nan, wanda aka yanka wa rago,
Na kowa ne in na gari ne: da!

Malam Mai Alli:

Auta, wayarka ce ta cuce ka,
Ɗ mai lanƙwasa ce a sunanka,
In ka bar ta a miƙe wa zai fahimce ka?
Mai zuwa faɗa daban da mai zuwa fada.

Wannan ba ta shiga lissafi ba. Yanzu in koma kan mutumin Kano, don na ga yana neman ya ɗaure kalmar mutane a dila.

Alhaji, Bakano ba ya rasa ciniki,
Har kalma ka buga wa tambarin mallaki,
Zauna Bazazzagi ya ba ka aiki,
Kawo allo, ni zan kawo tawada.

Harsunan duniya wajen 7,000 ne,
Bakin da ke furta su iri ɗaya ne,
Harshe da haƙora da leɓɓa ne,
Maƙera dubbai, uwar maƙera guda.

Ɗauki baƙi 20 ka jera,
Wasali 5 ka bi su ka ɗaura,
Gaɓa 100 kacal ka ƙera,
Yaya dubbai ba za su yi karo ba a kan “da”?

Kwana bakwai ne kawai a mako,
Ɗanjuma a Kano, Jummai a Ikko,
Ga Kofi daga Kumasi ya leƙo,
Juma'a ta haɗa su, ba ciki guda.

Ko ma'ana ta dace, bi a hankali:
Bask na Sifen maraya ne, ba iyali,
Japananci na gabas, wani mahalli,
Duka biyun “ne” da “ce” ɗinsu “da”.

Akwai Mbabaram a Ostareliya,
“Dog” ne kare a bakinsu, gaskiya,
Ba su aro ta daga Ingila ba ko ɗaya,
Gamon katar ne, masana sun yarda.

In dangi kake nema na haƙiƙa,
Ba a kalma ɗaya ake ƙulla alaƙa,
Ƙirar jikin harshe ake bincika,
Abin da ke maimaituwa bisa ƙa'ida.

Mu ce mutu, Balarabe ya ce “mautu”,
Ta ɗin mace na gaban “taktubu”,
Mim ɗin mabuɗi na cikin “miftahu”,
Nan jini ya nuna, ba farfaganda.

Hausa 'yar ɗakin Cadi ce,
Ga Bole da Angas 'yar'uwa ce,
Ga Larabci dangin nesa ce,
Ita da Sinanci ba kakan da ya sada.

Barbarci ma, katangarmu ɗaya,
Mun ari kalmomin juna a hanya,
Amma tushe ba mu haɗa ba a baya,
Gidansa daban, cikin dangin Hamada.

Alhajin Kwari:

Na ji lissafi, Malam, na ji Kofi,
Albarka! Hujjar ta yi mini tsada.
A rage mini, a bar mini ko Jamus,
In ya so Sin da Japan na saida.

Mai Karatun Magani, Indiya:

Iyayena, ga tsaraba daga Indiya,
A tsohon littafin Hindu aka yi mata ajiya,
Cikin Sanskirit, harshen tsohuwar duniya,
Harshe ɗaya ne, amma ji ya rabu a kan “da”.

Wai uba ne da 'ya'ya kashi uku,
Allolinsu, mutane, da miyagun aljanu,
Suka ce ba mu wasiyya mu riƙe a hannu,
Duk wanda ya matso sai ya ce masa “da”.

Na farko suka ce “damyata” muka ji,
Mu kame kanmu daga bin daɗi,
Mutane suka ce “datta” muka ji,
Mu yi kyauta, abin hannu mu fidda.

Na uku suka ce “dayadhvam” ce,
Mu ji tausayi, mugunta ta wuce,
Kowa uban ya ce masa daidai ce,
Wai shi tsawa ke maimaitawa: da, da, da.

Bafulatanar Yola:

Ka ji ko, taubashi? “Datta” aka ce,
Kuɗin saniyata nake jira ka maida.

Babarbaren Yerwa:

Ai na ji tsawar daren jiya a Yerwa,
Na ɗauki kwano na tsaya a baranda.
Sau uku sama ta kira nama,
Ba tsoka, ba ƙashi, ko 'yar ganda.