Wa Ke Kwashe Maganiziyam Ɗin Teku?

Mai Tambaya: Sallama ga ma'abota baiti. Amsa-amon yau "wa" ne.

Ruwan sama na cin dutse kullum,
Kogi ya ɗebo sinadarin maganiziyam,
Ya juye wa teku dare da rana,
To wa ke bin baya yana kwashewa?

Malam Na-Dutse:
Ɗana, gindin teku a tsage yake,
Ruwa ya kutsa, zafi ya dafa shi,
Ya fito ba maganiziyam a cikinsa,
Dutse ya riƙe, babu sakewa.
A 1977 aka ga maɓuɓɓugan
Kusa da tsibiran Galapagos suna ɓulɓulowa.

Gwaggon Baiti:
Malam, rabin zance ka kawo mana,
Ina ka baro dutsen dolomait?
Shimfiɗar kalsiyam, ta maganiziyam,
Bi da bi suke jeruwa.
Dolomieu Bafaranshe, a 1791,
Ya ɗiga masa asid, da ƙyar ya yi kumfa.
Je ka ga tsaunukan arewacin Italiya,
A tsohon teku suka faro ginuwa.

Ɗan Auta:
Gwaggo, a yi mini afuwa in tanka:
Dolomait da can ya yi yawa, yau ya yi wuya.
Masani Lynton Land ya haɗa ruwansa a kwalba,
Shekara 32 a ɗumin ɗaki,
Ko ƙwaya ɗaya ta ƙi fitowa.

Gwaggon Baiti:
Auta, maganiziyam akwai riƙo,
Ƙwayar ruwa shida ya ƙanƙame,
Shi da su da wuyar rabuwa.
A tafkin Lagoa Vermelha na Birazil
Bakteriyar taɓo ke taimakawa.
A 2023, masanan jami'o'in Mishigan da Hokkaido
Suka ce aikin irin na magini ne:
Tubalin da ya karkace a zare shi,
Ruwa ya narkar, a sake jerawa,
Sannan gini ke hauhawa.

Mai Tambaya: Kowa ya ja nasa. Gwaggo, ina shaida?

Gwaggon Baiti:
Ga shaida, maganiziyam iri uku ne a ma'auni:
Mai nauyin 24 kashi 79 cikin ɗari,
Mai 25 goma, mai 26 sha ɗaya.
Dolomait mara nauyin yake tsincewa.
Auna na kogi, auna na teku,
Na teku ya fi shi nauyi kaɗan.
Wa ya zare mara nauyin, Malam?
Dutsena ne, ba ja ba musantawa.

Malam Na-Dutse:
Hajiya, sannu, ban ja da ke ba,
Sai dai nawa ba ya zaɓe:
Duk ukun yake haɗiya tas,
Ma'auninki ba ya iya ganowa.
Ga laka kuma mai son mai nauyi,
Ita ma tana ta ɗibar kasonta.
Shekara wajen miliyan 13
Maganiziyam ke yi a teku kafin ficewa.
Kawo lissafin rabon dutsenki,
In kawo nawa, a zo a yi tankawa.