Hasumiyar Pisa: jingina ta yi, ko sunkuyawa, ko karkata?

'Yan uwa masu aikin fassara, assalamu alaikum. Wani aiki ya kai ni ga ginin nan na birnin Pisa a ƙasar Italiya, wanda ake kira Leaning Tower da Turanci, Italiyawa kuma suke cewa Torre pendente, sai na tarar kowa da sunan da yake ba shi a Hausa. Wani ya rubuta hasumiya mai jingina, wani mai sunkuyo, wani kuma ya bar sunan da Turancinsa. Ina ganin tarihin ginin da kansa zai raba mana gardama.

Kalmar hasumiya ba ta da ja, domin duk wanda ya san ta Gobarau a Katsina ya san dogon gini ake nufi, wanda ake hawa domin kira ya kai nesa. Ta Pisa ta babbar majami'ar birnin ce, da ƙararrawa bakwai a samanta, saboda haka campanile da Italiyawa ke kiran irin wannan gini sai mu ce masa hasumiyar ƙararrawa.

Rigimar tana wajen siffa. Jingina ba ta yiwuwa sai da abin da aka jingina da shi, ko bango ko bishiya, alhali wannan gini mai tsawon mita 56 da nauyin kusan tan 14,500 yana tsaye ne shi kaɗai a fili, babu abin da ya tokare shi. Sunkuyawa ma ba ta dace ba, domin mai sunkuyo ƙafafunsa a miƙe suke, gadon bayansa ne ya lanƙwasa, a Pisa kuwa daga ƙasa ciwon ya taso. An aza harsashin a watan Agustan 1173, zurfinsa bai wuce kimanin mita 3 ba, a kan ƙasa mai taushi ta laka da yashi da yumɓu. Shekara biyar kacal da farawa, ginin bai ko kai rabi ba, ƙasar ta fara lotsawa ta gefe guda. Yaƙe-yaƙen Pisa da maƙwabtanta suka tsayar da aikin kusan shekara ɗari, kuma injiniyoyi na ganin wannan jinkirin ne ya ceci hasumiyar, domin ya ba ƙasar damar danƙarewa a ƙarƙashin nauyin.

Karkata ce kalmar da ta rage, ita muke faɗa wa tulun da bai zauna daidai ba da kayan da suka rinjaya gefe a bayan jaki. Sai dai ita ma ta rabu biyu, ko mu ce mai karkata, ko mu ce karkatacciya.

Wata malama ta ba ni shawarar mai karkata, hujjarta ita ce ya fi sauƙi a baki. Malama, da a 1990 muke wannan magana da na bi ki, domin a lokacin karkatar tana gudana: hasumiyar tana ƙara rinjaya kudu da kimanin milimita ɗaya kowace shekara, har ta kai digiri 5.5, aka rufe ta a watan Janairun 1990 bayan rushewar wata tsohuwar hasumiya a Pavia a 1989. An fara jibga ɗaruruwan tan na dalma a gefen arewa domin a danne shi. Daga baya kwamitin ceto hasumiyar da injiniya Michele Jamiolkowski ya jagoranta, wanda injiniya John Burland na Landan yake ciki, ya ɗauki dabarar zare ƙasa kaɗan-kaɗan daga ƙarƙashin gefen arewa ta cikin bututu, domin wannan gefen ma ya lotsa. Saman ginin ya dawo da baya da fiye da santimita 40, aka sake buɗe shi a Disambar 2001. Abin da aka tsayar, har ya ɗan koma baya, ba a ce masa mai karkata.

Karkatacciya tana da wata riba ta daban. Siffa ce da take fitowa daga karkata da kuma karkace, wato rashin miƙewa, kuma ginin ya haɗa duka biyun. Da magini Giovanni di Simone ya ci gaba da aikin a 1272, magina sun riƙa ƙara wa gefen da ya lotsa tsawo a kowane hawa domin su gyara, har aka kammala ɗakin ƙararrawa wajen 1372, shi ya sa jikin hasumiyar kansa yake da ɗan lanƙwasa irin ta ayaba.

Tunda hasumiya kalmar mace ce, sunan zai zama Karkatacciyar Hasumiyar Pisa. Idan kuma labari ya kai mu birnin Bologna, inda hasumiyoyin Garisenda da Asinelli suke tsaye kusa da juna kowacce da nata rinjayen, sai mu rubuta karkatattun hasumiyoyi.