Wace kalma za mu ba "proxy"?

Salamu alaikum. Ina shirya wa ɗalibaina a Birnin Kebbi darasi kan binciken halayyar ɗan Adam, sai kalmar "proxy" ta tsaya min a wuya. Nufinta, abin da kake son aunawa ya gagare ka, sai ka auna wani a madadinsa. Mai bincike na son sanin yadda mutum ke ba da bashi ko wa yake amince wa, amma ƙabilarsa kawai zai tambaya ya wuce. "Wakili" na rubuta, raina bai kwanta ba.

Daga Argungu: Malama, wakili ai wanda anka aika ne, da yardar mai aike. Wa ya aiki "Hausa/Fulani" ta yi magana da yawun Basarken da ke su a kogin Matan Fada, da mai albasan Aliero, da makiyayi? Ko ajiyar dukiyarsu ba ɗaya ba ce: wanga tana cikin koma da jirgi, wancan a rumbu, wancan a garke.

Daga Zuru: Baba, ku har kun samu suna. Mu "da sauransu" ake rubuta mana, Lelna da Kambari da Dukkawa da Fakkawa duka. Ƙanena a Birnin Kebbi ya tashi, harshenmu C'lela kaɗan yake ji, golmo kuwa, noman da saurayi ke yi wa surukai, sai a labari, amma takarda ta ce al'adarmu ɗaya. A gwada "manuni".

Malama: Yaya, manuni nake tsoro. Ɗalibi zai ɗauka abin yana nuna daidai, nan kuwa matsalar take.

Daga Jega: To a ce "ma'aunin aro". Idan tiyarka ba ta kusa, ka ari ta maƙwabci, awo zai yiwu, sai dai ba lallai ta zo ɗaya da taka ba. Kayan aro ba ya rufe katara.

Malama: Alhaji, wannan ta zauna min, don kalmar da kanta tana gargaɗi. A 2010 mai bincike Joseph Henrich da abokan aikinsa biyu sun nuna yawancin waɗanda ake binciken halayyar ɗan Adam a kansu mutanen ƙasashen Yamma ne, musamman ɗaliban jami'o'in Amurka. Ni a ganina jera sunayen ƙabilunmu a takarda ba zai gyara wannan ba. Ranar Litinin zan rubuta "ma'aunin aro" a allo, kowa kuma ya ƙara tambaya huɗu a takardarsa: sana'a, garin da aka tashi, harshen da ake yi a gida, da hannun wanda aka girma.