Canel ɗin menfirem: DMA ce da aka yi wa ado, ko kwamfuta ce mai zaman kanta?

Mai Manhaja: Salamu alaikum jama'a. Zan faɗi wata magana, wanda zai ji haushi ya ji. Canel ɗin nan, wato sashen da ke kai da komon bayani tsakanin memori da na'urori irin faifai, da masu manyan kwamfutocin IBM (menfirem) ke cika mana baki da shi, DMA ce kawai aka sa wa babbar riga. DMA kuwa ita ce CPU, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ya ce wa wani guntu ya kwaso bayani daga faifai ya zuba a memori, shi kuma ya ci gaba da harkarsa. Tun 1981 IBM PC ta zo da guntun Intel 8237 mai wannan aiki. To ina abin kuri?

Tsohon Injiniya: Wa alaikumus salam. Ɗana, rabin zancen ka ɗauko. Ita 8237 adireshi ake ba ta da adadi, a gaya mata shiga ne ko fita, ta kwashe ta tsaya. Canel kuwa shiri ake rubuta masa, shi da kansa yake ɗauko umarnin daga memori ɗaya bayan ɗaya yana zartarwa. CCW ake kiran kowane umarni, bayit 8 ne: lambar aikin, adireshin bayani, tutoci, da adadin bayit. A menfirem ɗin IBM System/360 na 1964, sai a ajiye adireshin CCW na farko a gurbi na 72 cikin memori, CPU ya ba da umarnin SIO, wato a fara aiki, shi ke nan. Idan aiki ya ƙare canel ya katse CPU ya sanar da shi, a tarar da sakamako a gurbi na 64.

Ɗalibi: Baba a gafarce ni, amma bin jerin umarni kaɗai ai bai isa a kira abu kwamfuta ba. Yana iya yanke shawara?

Tsohon Injiniya: Madalla da tambaya. Ɗauki neman rikodi ɗaya a faifai. CCW na farko SEEK ne, ya kai hannun karatu kan layin da ake so. Na biyu SEARCH, yana gwada lambar rikodin da ke wucewa ƙarƙashin hannun da wadda ake nema. Na uku TIC, wato tsalle, kuma baya yake komawa kan SEARCH. Faifai na juyawa, rikodi ya wuce, ba shi ba ne, TIC ya mayar da canel baya. Wani ya wuce, a sake. Da zarar an dace, sai a ɗaga wata alama, canel ya tsallake TIC ya faɗa kan na huɗu, READ. Ga sharaɗi, ga tsalle, ga zagaye, kuma duk tsawon lokacin nan CPU na can yana lissafin wani. Ka sa 8237 ta yi wannan mu gani.

Malama: Baba, Allah ya ƙara girma, amma akwai gyara. Gwajin lambar nan ba canel ke yi ba, kwanturolan faifai ne ke yi, shi ke ɗaga alamar. Canel biyayya kawai ya yi. Kuma ba za ka iya sa shi ya tara maka biyu da biyu ba. In ana neman firosesar shige da fice ta haƙiƙa, sai a duba CDC 6600 da Seymour Cray ya tsara, ita ma 1964. Ƙananan firosesa 10 gare ta, kowace da memorinta, kuma su ne ke ɗauke da mafi yawan aikin manhajar sarrafawa, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar.

Mai Manhaja: Yauwa Malama! Allah ya saka.

Malama: Kada ka yi saurin murna, ban gama ba. Wani abin kuma: a ƙananan samfuran System/360 irin Model 30, canel bai da cikakken jiki na kansa. Kayan CPU yake ara, yana satar masa lokaci. Shiri ɗaya zai yi aiki a kan ƙarama da babba, sai dai a babbar, canel akwati ne daban. Saboda haka ni a ganina canel ƙa'ida ce kafin ya zama na'ura, kuma nan ne ƙarfinsa yake. Ita DMA ta kwamfutar tebur ba ta taɓa samun irin wannan ƙa'ida guda da firinta da tef da faifai duk za su bi ba.

Mai Manhaja: To mu bar 8237, na ji ba sa'arsa ba ce. NVMe fa, ƙa'idar da faifan zamani ke bi? Manhaja ta jera umarni a memori, ta taɓa ƙararrawa, faifan ya zo da kansa ya ɗauka, ya gama ya ajiye amsa a wani layin. Mene ne bambancinsa da abin da Baba ya zayyana?

Tsohon Injiniya: Wa ya kwaikwayi wa? IBM 709 ta fito da canel tun 1958. Amma bar batun tsufa, ga abin da ba ka da shi. Daga tsarin menfirem na 370-XA a 1983, CPU ya daina zaɓen canel. Umarnin SSCH yake bayarwa, ya ambaci na'urar da yake so kawai. Na'ura ɗaya tana iya samun hanya har 8, kuma sashen canel ne ke duba wadda ba kowa a kai, in duk a cike suke ya riƙe aikin a layi, in ɗaya ta mutu ya bi wata. Akwai firosesa na musamman da ake ce wa SAP, aikinsu ke nan dare da rana. A sabar ka kuwa, manhajar sarrafawa ce ke wannan wahala, a kan CPU ɗin da kake so ya yi maka aiki.

Ɗalibi: SAP ɗin wani guntu ne na daban?

Malama: A'a, irin ƙwayoyin CPU ɗin ne sak, sai dai an ware su da wata manhajar ciki, kuma manhajar sarrafawa ba ta ganin su. Sannan Baba, a faɗi gaskiya, ku ma kun yi aro. Da aka koma wayar fayiba, ESCON a 1990 sannan FICON a 1998, sai yawan kai da komon CCW ya zama nauyi, balle in da nisa. Shi ya sa a 2008 aka kawo zHPF, inda ake dunƙule umarnin a tura wa kwanturola gaba ɗaya. Wannan ai salon sauran sabobi ne.

Tsohon Injiniya: Ban musa ba, 'yata. An dunƙule umarni, amma zaɓen hanya na nan inda yake, a hannun sashen canel.

Mai Manhaja: Ni dai kan NVMe ina nan kan bakana. Ƙwayoyin CPU sun yi yawa yanzu, ware biyu su kula da hanyoyi ba wani abu ba ne.

Tsohon Injiniya: To ware su. Sai ka hana manhajar sarrafawa ganin su, ka rubuta musu tasu manhajar, ka sa duk na'urori su bi ƙa'ida ɗaya. In ka gama ka dawo ka gaya mana abin da ka ƙera.